Cukun da Ya Kumbura

Veturia ba ta ƙara jin sautin komai ba tun tana 'yar shekara tara, lokacin da sanƙarau ya kwantar da ita wata biyu, ya tashi ya tafi da kunnuwanta. Da yake ta riga ta iya magana kafin nan, harshenta bai mutu ba. Sai dai muryarta ba ta da linzami: wani lokaci ta fito da ƙarfi a cikin coci, wani lokaci ta shige ciki a tsakiyar kasuwa. Maganar mutane kuwa a leɓensu take karanta ta. Ta san bakin kowa a ƙauyen Muncel kamar yadda ta san fuskokin tumakinta. Ta san mai tauna kalma, ta san mai haɗiye ƙarshenta, ta san wanda in zai yi ƙarya sai ya fara lasar leɓe. Bakin da ta fi sani shi ne na mijinta Todor, wanda ko ta gefe ya yi magana, da sigari a bakinsa, sai ta gane.

Yanzu shekarunta hamsin da shida, kuma duk mai zuwa kasuwar Alhamis a cikin gari ya san farin cukunta na madarar tumaki. Amma bara, da zafi ya tsananta, wani abu ya same ta wanda ba ta gaya wa kowa ba sai Todor. Sau uku cukun yana kumbura. In ta yanka sai ta tarar da cikinsa ramuka-ramuka kamar soso, yana wani ɗan wari mai tsami. Aladu ta zuba wa, tun kafin maƙwabta su fito. Ta canja gishiri, ta canja ɗakin ajiya, har ta zargi wata tunkiya ta sayar da ita. Da sanyi ya shigo abin ya daina don kansa. Ba ta san abin da ya kawo shi ba, ba ta san abin da ya kore shi ba, kuma wannan rashin sanin shi ya fi damunta.

A farkon watan Mayu aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin taron ƙauye. Daga bana duk mai sayar da cuku a kasuwa sai ya nuna shaidar cewa ya yi karatun tsabtar madara. Asabar shida za a yi, sannan jarrabawa. Likitan dabbobi ne zai zo daga gari ya koyar.

Todor ya juyo ya fuskance ta, kamar yadda ya saba in maganar mai nauyi ce. Ya ce, "Ki bari ni in je. In zauna, in gyaɗa kai, in karɓo takardar. Maza da yawa haka za su yi."

Ta ce, "Kai? Kai da ba ka iya bambance madarar safe da ta jiya ba?"

"Takarda ake nema, ba hanci ba."

"Takarda a aljihunka, karatu a kanka, cuku a hannuna. To a ina za su haɗu?"

Todor ya ɗaga kafaɗa ya koma gyaran laujensa. Shekara talatin da huɗu na zaman aure sun koya masa inda gardama take ƙarewa.

Ranar Asabar ta farko ta riga kowa zuwa, ta kama kujerar gaba, ta tsakiya. Mutum goma sha shida suka taru. Akwai Gherasim, tsohon makiyayi mai bakin barkwanci, wanda ke yin cukunsa a bukka can kan tudu. Kusa da Veturia kuma wata tsohuwa ta zauna, Ilka, daga gidajen 'yan Hungari da ke ƙetaren rafi. Ilka ba ta jin yaren Romaniya sai na ciniki da gaisuwa. Ita da Veturia sun fi shekara arba'in suna ɗaga wa juna hannu daga nesa, amma ba su taɓa yin hira ba, don bakin Ilka yana motsi ne da wani yare, ko da ta yi ƙoƙarin yin na Romaniya.

Da Likita Horia ya shigo, gaban Veturia ya faɗi. Mutum ne dogo, mai furfura, ga fara'a, amma gashin bakinsa ya sauko ya rufe leɓunansa biyu ruf kamar tsintsiya. Ya yi gaisuwa, ita dai motsin gashi kawai ta gani. Ta ce a ranta, bari dai in lura da haɓarsa, ƙila in tsinci wani abu. Sai ya je ya ja labule, ya kashe fitila, ya kunna majigi, ya koma bayan ɗaki ya tsaya kusa da na'urarsa.

Awa biyu ta yi a zaune. Hotuna suna zuwa suna wucewa a bango: wasu 'yan sanduna masu launi kamar tsutsotsi, lambobi, layuka masu hawa da sauka, dogayen kalmomi da kafin ta kai tsakiyarsu an sauya. Ta san ana magana, don tana jin ɗan girgizar muryarsa a jikin kujerar katako. Wani hoto ya zo na cuku da aka yanka, cikinsa duk ramuka. Ta miƙe zaune. Ga abin da ya kawo ta. Amsar tana fita daga bakin mutumin a daidai wannan lokacin, a bayanta, a cikin duhu. Hoton ya wuce.

Can sai haske ya dawo, ta ga kowa ita yake kallo. Ashe tambaya ya yi wa matar da ke gaba, har sau uku. Ta hango bakin Gherasim yana cewa, "Kurma ce, Likita. Ko igwa ka harba."

Kunya ta kama likitan har kunnuwansa suka yi ja. Ya matso dab da fuskarta, ya wage baki yana ɗaga murya. Ta ji hucin numfashinsa, ta ga gashin yana rawa, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta yi abin da ta saba yi tun tana yarinya: ta yi murmushi, ta gyaɗa kai.

Bayan an tashi ya tsayar da ita, ya yi rubutu a takarda ya miƙa mata, ya fara da "lele", kiran girmamawa da ake yi wa babbar mace a ƙauyen. "Lele Veturia, ki gafarce ni, ban sani ba. Kowa ya san cukunki, matata ma naki take saye. Ba sai kin wahalar da kanki ba. Ki riƙa leƙowa kina sa hannu kawai. Ranar jarrabawa zan san yadda zan yi."

Ta yi godiya, ta ninke takardar ta sa a aljihu. Sai da ta wuce gada, ta fara hawan tudun gidansu, sannan abin ya soma ci mata rai. Ta tuna malaminsu na makaranta. Da ta warke ta koma aji, ya mayar da ita kujerar baya kusa da murhu, inda ya fi ɗumi. Bai taɓa dukanta ba, bai kuma taɓa yi mata tambaya ba. Kowace shekara yana ciyar da ita gaba, kowa yana yaba kirkinsa. Ta fita makaranta tana karatu da ƙyar, da yatsa a kan layi, lissafi kuwa a kasuwa ta koye shi.

Todor ya karanta takardar ya ce, "To me kike so kuma? Mutumin kirki ne."

Ta ce, "Na sani. Amma wannan kora da hali ce."

Makon nan aka yi rana mai zafi kwana uku a jere, abin da ba a saba gani ba a watan Mayu. Ran Laraba ta buɗe ɗakin ajiya ta tarar da cuku biyu sun taso kamar burodi. Wannan karon ba ta kai wa aladu ba. Ta naɗe ɗaya a ƙyalle, ta sa a ƙasan kwandon kasuwa.

Ran Alhamis da ta gama ciniki ta nufi asibitin dabbobi. Ta jira aka gama yi wa wani kare allura, sannan ta shiga, ta ajiye cukun a kan teburin Likita Horia, ta zaro wuƙarta ta raba shi biyu.

Ta ce, "Likita, wannan nawa ne. Irin wanda matarka take saye. Gaya min abin da ya same shi."

Ya dubi cukun, ya sansana, fuskarsa ta canja, ta zama ta mai aiki. Ya fara bayani yana nuna ramukan da biro. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

"Ban ga komai ba. Ba ka da baki, Likita. Gashi gare ka."

Ya taɓa gashin bakinsa kamar wanda aka taɓa wa ɗa. Ya jawo takarda ya rubuta layi huɗu. Ta bi da yatsa, ta ci karo da kalmomi uku da ba ta taɓa gani ba, ta tura masa abinsa.

"Wannan wa ka rubuta wa? In tunkiyar mutum ba ta da lafiya, haka kake gaya masa?"

Ya ɗago ya kalle ta. Ta ga alamar ransa ya ɗan sosu, amma bai kore ta ba. Ya sake rubutawa: "Me kike so in yi?"

Ta riga ta shirya amsar tun a hanya. Ta ce ita da ido take ji, don haka in ya kashe fitila ya toshe mata komai. Ya tsaya a gaba, ya fuskance su, kada ya yi wa bango magana. Kada ya yi ihu, ihu yana lalata siffar baki. In wani zai yi magana a nuna mata shi tukuna, don kafin ta nemo mai magana ya gama. Abin da za a iya nunawa da hannu kuma a nuna.

"Sa hannu kuwa, na gode, amma ba zan sa a kan abin da ban koya ba. In na faɗi jarrabawar, in faɗi da kaina."

Ya rubuta: "Shekara goma sha ɗaya ina wannan karatun a ƙauyuka. Haka aka tsara shi daga sama, da hotunansa."

Ta ce, "To. Na bar maka cukun, ka kai wa na saman."

Ta fito ta nufi tashar bas. Ba ta taɓa yi wa mai ilimi magana haka ba, kuma ba ta san da wace irin murya ta yi ta ba, ko da tsawa ko da raɗa. Duk hanyar gida a cikin bas tana jin kunyar kanta.

Asabar ta biyu ta tarar da labule a buɗe, an jera kujeru kamar rabin wata. Da likitan ya shigo, ɗakin ya ɗauki dariya, ta gani a kafaɗun mutane. Ya datse gashin bakin har saman leɓe, fatar wurin fara fat kamar cikin ƙwai. Ashe ƙaramin baki gare shi, har da wushirya.

Gherasim ya ce, "Likita, wace tunkiya ce ta yi kiwo a fuskarka?"

Likitan ya amsa da "bade", kiran girmamawa da ake yi wa dattijo, ya ce, "Bari kawai, bade Gherasim. Kwana biyu matata ba ta yi min magana ba."

"Ashe riba ka ci."

Wannan ce magana ta farko da Veturia ta karanta a bakinsa, ta yi dariya tare da kowa, a lokaci ɗaya da kowa. Ta daɗe ba ta samu haka ba a cikin taro.

Sai dai karatun bai tafi daidai ba. Da haske a ɗakin, hotunan majigi suka dushe, ba a ganin komai. Likitan ya zama kamar makiyayin da aka ƙwace wa sanda. Ya koma allo yana zane, kuma da ya fara zane sai ya manta ya ci gaba da magana yana ba su baya. Veturia ta ciro cokali daga jakarta ta ƙwanƙwasa kujera. Ya juyo, ya maimaita. Kafin a tashi ta ƙwanƙwasa ya fi sau goma. Dokar ɗaga hannu kafin magana ma ba ta yi wa mazan daɗi ba, suka ce an mayar da su 'yan aji ɗaya. Abin da aka shirya gamawa a ranar ko rabinsa ba a yi ba.

Ana cikin haka ta hango Gherasim can ƙarshen layi ya karkata wajen na kusa da shi. Yana cewa, "Saboda mutum ɗaya Asabar shida za ta koma goma. Ga ciyawa tana jiran lauje."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Kowa a ɗakin ya baro aiki ne ya zo. Ta yi tunanin ta mayar da cokalin jaka ta yi shiru, ko ma ta ce wa Todor ya zo mako mai zuwa. Amma sai ta ji bakinta ya riga ta.

"Bade Gherasim, na ga abin da ka ce."

Tsohon ya daskare. Ya manta cewa raɗa ba ta ɓuya a wurinta.

Ta ce, "Gaskiyarka, ina jawo jinkiri. Amma gaya min, makon jiya da aka yi sauri a cikin duhu, me ka koya?"

Gherasim ya sosa ƙeya, ya dubi likita, ya dubi jama'a. Ya ce, "Ni dai na yi barci mai daɗi."

Aka sake fashewa da dariya. Likitan bai yi ba. Ya tambaya, tsakani da Allah, wa zai iya faɗin abu ɗaya daga karatun makon jiya. Mutum uku suka ɗaga hannu cikin goma sha shida. Ya daɗe yana kallon sauran. Daga nan ya ce mako mai zuwa ba a nan za a haɗu ba, a inda madara take za a haɗu, in akwai wanda zai ba da gidansa. Veturia ta ce a zo nata.

Kwana biyu ta yi tana wanke-wanke. Ran Asabar da sassafe mutane suka cika tsakar gidan, Todor yana ta fito da benci. Likitan ya ce ta yi komai yadda ta saba, kamar ba kowa. Ta wanke hannu, ta tatsi tumakin a bokitin katakon da ta gada wurin mahaifiyarta, ta tace, ta ɗora a wuta. Da ta tsoma ɗan yatsa ta ce zafin ya yi, ya sa ma'aunin zafi ya ɗaga wa kowa ya gani: daidai, ko ɗigo bai kuskure ba. Ya sa kowa ya tsoma wankakken yatsa a wani kofi na dabam ya faɗi nasa, sannan a auna. Gherasim ya wuce da yawa, aka yi masa tsiya. Ilka ta dace sarai. Veturia ta ji daɗi ya cika ta, tana tsaye a gaban tukunyarta, mutane suna kallon hannunta.

Sai likitan ya ɗauki bokitin da ta riga ta wanke ta kife. Ya juya shi a rana, ya bi gindinsa da yatsa, ya tsaya. Ya nemi wuƙa. Daga wata 'yar tsaga tsakanin katako biyu ya kankaro wani abu rawaya-rawaya, mai danƙo, ya ɗaga a bakin wuƙar. Ya juyo ya fuskance ta sosai, ya yi magana a hankali, ba abin da ya ɓuya mata.

"Lele Veturia, ga ɓarawonki. Ruwa ba ya kaiwa nan. Ƙwayoyin cuta suna kwana a ciki, da sanyi su yi lamo, da zafi su yi yawa. Kowace safiya ke da kanki kike zuba musu sabuwar madara."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A gidanta, a gaban matan da suke sayar da cuku a layi ɗaya da ita. Ta ga wata ta taɓa wata da gwiwar hannu. Veturia ta ce bokitin nan shekara sittin ana tatsa a cikinsa ba wanda ya mutu. Ya ce shekara sittin ɗin ce ta buɗe tsagar. Bai sassauta ba, bai kuma yi mata murmushin lallashi ba.

Ya sa aka tafasa madara, aka tafasa kwalabe biyu masu murfi. Ya cika su, ya sa abin da ya kankaro a ɗaya, ya ɗaura mata jan zare, ya rufe duka. Ya ce ta ajiye su kusa da murhu zuwa gobe da yamma.

Bayan an watse ta zauna a bakin ƙofa. Todor ya zo ya tsuguna a gabanta.

"Kin ga abin da na guje miki? Da ni na je, da ba wanda ya leƙa gindin bokitinki."

Ta ce, "Haka ne."

Ta daɗe tana juya abin a ranta. Zafin yana nan, bai ragu ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ta kasa ba shi suna da farko. Tun tana 'yar shekara tara ba wani malami da ya taɓa ce mata ta yi kuskure. Yau an faɗa mata, a gaban jama'a, kamar yadda za a faɗa wa kowa.

Washegari Lahadi da la'asar ta duba kwalaben. Ɗaya tana nan fara, lafiya lau. Mai jan zaren ta tsinke, ruwa a ƙasa, kumfa a sama, murfin ya bankaro. Tana iya zubarwa a bayan gida ba wanda ya sani. Ta ɗaura ɗankwalinta na coci, ta ɗauki kwalaben biyu, ta gangara bakin kanti inda mutane ke zaman yamma, ta dire su a kan benci. Gherasim ya buɗe mai zaren, ya kai hanci, ya yi baya da sauri yana tofar da yawu.

Ya ce, "Shekara nawa ana ce min ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin cuta, na ɗauka abin likitoci ne na cin abinci. Gani ya kori ji." Sai ya dubi Veturia ya kama baki. "Au, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ni ai tuni ya kora."

A makon nan mutum biyar suka sayo bokitin ƙarfe, har da matar da ta taɓa 'yar'uwarta da gwiwar hannu. Veturia ta mayar da na mahaifiyarta mazubin masarar kaji. Cukunta bai ƙara kumbura ba a zafin nan sai sau ɗaya, a watan Agusta, kuma a ranar ta san dalili, madarar ce ta daɗe a rana kafin ta ɗora.

Sauran karatun a gidaje aka yi shi, kowace Asabar gidan wani. Shida ta koma takwas, ba goma ba, kuma Gherasim bai fasa ƙorafin ciyawarsa ba har aka gama. Likitan ya riƙa kawo takarda guda kowane mako, da manyan haruffa da gajerun kalmomi da zanen hannunsa, wanda bai iya ba sam: tunkiyarsa ta fi kama da kare.

Jarrabawar kuwa ba shi da ikon taɓa ta. Tambaya ashirin ce a buge, da yaren ofis, ana neman goma sha biyu. Ya karanta wa waɗanda karatu ke ba wuya da baki, sannu a hankali. Veturia ta bi tata da yatsa. Kowa ya gama ya fita, likitan ya zauna yana jiranta kusan awa guda, bai leƙa takardarta ba, ita ma ba ta ɗaga kai ta nemi taimako ba. Ta ci goma sha shida. Gherasim ya tsallake da goma sha biyu cif, ya ce da ma bai son almubazzaranci.

Mutum ɗaya ce ta faɗi. Ilka ta ci bakwai.

Veturia ta ga lokacin da likitan yake gaya mata, ta ga tsohuwar ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Nan take ta gane wannan gyaɗa kan. Nata ne. Mako takwas Ilka tana zaune a gefenta tana yin sa, ita kuwa idonta yana kan bakin likita, tana ƙwanƙwasa cokali a kan abin da ya dame ta ita kaɗai. An buɗe labule, an datse gashi, an rage gudu, amma duk da yaren da Ilka ba ta ji ake yi. A aikin hannu ba wanda ya fi ta. Ba wanda ya lura, har Veturia.

Likitan ma abin ya dame shi. Ya ce zai rubuta a aiko da tambayoyin da yaren Hungari, kuma zai nemo abokin aikinsa mai jin yaren, amma bai san yaushe za a amsa ba. Kafin nan Ilka ba ta da damar kai cuku kasuwa. Duk zafin nan madararta ta riƙa sayar wa motar kamfanin madara, ɗanya, a wulaƙance.

Ran Talata da hantsi Veturia ta tattara takardun likita da ma'aunin zafin da ta saya, ta ƙetare rafi. Ba ta taɓa shiga gidan Ilka ba. Ta same ta tana tuƙa tuwon masara. Tsohuwar ta yi mamaki, ta share kujera da gefen zanenta, ta zuba mata tuwon da kirim mai tsami. Suka ci ba magana. Da suka gama Veturia ta shimfiɗa takarda ta farko a tebur, ta nuna zanen, ta tashi ta kwaikwayi abin da ake nufi da hannu da tukunya. Ilka ta kalla, ta faɗi wata kalma da yarenta, ta ɗauki fensir ta rubuta ta a ƙarƙashin zanen. Wani wurin suka fahimci juna nan da nan. Wani wurin suka yi ta fama har Ilka ta gaji ta buga tebur, ta yi doguwar magana da Veturia ba ta kama ko gefenta ba, sai dai ta ga alamar zagin ofis ne, ta ce ita ma ta yarda.

Haka suka riƙa yi duk Talata, in ban da makonnin yankan ciyawa. Takardar yaren Hungari ba ta iso ba sai cikin Nuwamba, bayan dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tuddai, tumaki sun kusa daina ba da madara. Likita Horia ya kawo ta da kansa har gida, tare da wata likita mai jin yaren. Ilka ta zauna a teburin kicin ɗinta, ta sa tabarau, ta gama cikin rabin awa. Ta ci goma sha tara, kuma ta tsaya gardama da likitar a kan ta ashirin ɗin, ta ce tambayar ce ba a rubuta daidai ba.